Ƙaramar waya ko babba: abin da na faɗa wa ƙanwata kafin mu shiga Taminus

Ranar Asabar da hantsi ƙanwata ta iso gidana a Unguwar Rogo da kuɗinta a jaka. Aji biyu take a Jami'ar Jos, wayar da take riƙe da ita tun sakandare kuma ta gaji, sai an danne bakin caja da littafi kafin ta kama caji. Abin da ta tara da zanen lalle, da abin da Baba ya cika mata, zai sayi ɗaya cikin biyu: ko tsohuwar ƙaramar iPhone ta gwanjo, ko sabuwar Tecno ko Infinix dal a kwali, mai faɗin fuska.

"Yaya, irin taka nake so," in ji ta. "Waɗannan manyan sai ka ce mutum ya ɗauko faranti."

Ni iPhone 13 mini nake riƙewa, shekara ta uku ke nan, kuma duk wanda ya san ni ya san ba na son babbar waya. Ta ɗauka nan take zan ce ta saya. Sai na ce ta zauna tukuna mu raba abu biyu da mutane ke haɗawa: ƙanƙanta daban, tsufa daban. Ƙanƙanta hutu ce ga hannu da aljihu. Tsufa kuwa bashi ne, a batir da manhaja ake biyansa. Inda gizo ke saƙa shi ne, a kasuwar yau kusan duk ƙaramar wayar da za ka samu tsohuwa ce, domin kamfanoni sun daina ƙera sababbi.

Da iPhone ta fara fitowa a 2007, fuskarta inci 3.5 ce. A 2011 Samsung ya fitar da Galaxy Note mai inci 5.3, aka yi ta mamakin girmanta. Yau tawa mai inci 5.4 ita ake kira 'yar ƙarama. Apple ya gwada ƙananan sau biyu, 12 mini a 2020 da 13 mini a 2021, ba su yi kasuwa yadda ya so ba, a 2022 ya maye gurbinsu da 14 Plus mai inci 6.7. A Satumban 2023 ya daina sayar da 13 mini gaba ɗaya, a Fabrairun 2025 kuma iPhone 16e mai inci 6.1 ta kawo ƙarshen jerin SE, wato ƙananan iPhone masu sauƙin kuɗi. A ɓangaren Android ma haka: Galaxy S10e ta 2019 da Pixel 4a ta 2020 duk inci 5.8 ne, Asus Zenfone 10 ta 2023 inci 5.9, wadda ta biyo bayanta a 2024 ta haura 6.7. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Waya ta zama talabijin da banki da ofis, kyamarori sun ƙaru, 5G na cin caji, duk waɗannan kuma fili suke nema a cikin jikin waya.

Kafin a ci gaba, akwai kuskuren da ake yawan yi a bakin shago. Incin da ake faɗa daga kusurwa zuwa kusurwa ake aunawa, bai gaya maka yadda waya za ta zauna a hannunka ba. Wayoyin zamanin baya suna da baƙin fili sama da ƙasa da maɓalli a gindi, na yanzu fuska ce ta cinye gaban duka, kuma sun fi tsawo fiye da faɗi. Shi ya sa iPhone SE mai inci 4.7 ta fi 13 mini mai inci 5.4 girman jiki: faɗin SE milimita 67.3 ne, na mini 64.2. Faɗi shi ne abin dubawa. Galaxy S24 Ultra milimita 79 ce, iPhone 16 Pro Max 77.6, yawancin Tecno da Infinix masu inci 6.6 zuwa 6.8 kuma suna tsakanin 75 da 77. Santimita ɗaya da ɗan ɗoriya ba komai ba ne a kan takarda, amma shi ne bambancin babban yatsa ya kai ɗaya gefen ko ya tsaya a tsakiya.

Nan ne ƙaramar waya ke cin gari, kuma ba na jin kunyar yabonta. Ina cikin keke daga Bauchi Road zuwa kasuwar Taminus, hannu ɗaya na riƙe da ƙarfe, ɗayan ya isa in amsa saƙo ba tare da wayar ta fito fili ba, kowa kuma ya san yadda masu ƙwace ke sa ido a wurin cunkoso. Tana nutsewa a aljihun gaban riga har ba a ganin kanta. In na yi ruku'u ba ta zamewa, alhali sau nawa muka ji ƙarar faɗuwar babbar waya a kan tayil a tsakiyar sahu? Mata kan soke ƙaramar a cikin ɗankwali ko hijabi su ci gaba da girki suna magana. Nauyinta kimanin giram 140 ne, SE ta 2022 giram 144, manyan na sama kuwa sun haura 220. Wanda ke kwanciya da waya a hannu na awa guda, ƙaramin yatsansa na tallafe da gindinta, ya san abin da giram 80 ɗin nan ke nufi.

Ƙanwata tana ta gyaɗa kai. Sai na tambaye ta: jiya awa nawa kuka samu wuta a hostel?

Ta yi shiru.

Wannan tambayar ita ce ke yanke hukunci ga mafi yawan mutanen Jos. Da mAh ake auna yawan cajin da batir ke ɗauka, batirin iPhone SE ta 2020 kuwa mAh 1,821 ne. Na 12 mini 2,227, na 13 mini kimanin 2,400. Tecno Spark 20, wadda ba ta cikin masu tsada, 5,000 gare ta, wasu daga cikin jerin Pova ma 6,000. Gaskiya ne ba a kwatanta lambobin nan kai tsaye, domin babbar fuska ta fi shan caji, iPhone kuma ta iya tattali. Amma ninki biyu ba wasa ba ne, tattali ba ya cike shi. Sannan lambobin can na sabon batir ne. Apple da kansa ya ce batirin iPhone 14 zuwa ƙasa an tsara shi ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500. Ke nan SE ɗin da ta sha aiki a hannun wani a Ingila, in ta iso gare ka da kashi 80, abin da ke cikinta bai wuce mAh 1,460 ba. Da wannan za ka kunna data, ka shiga WhatsApp na aji, ka ɗauki lakca, ka kira gida?

Ga kuma sanyinmu. Jos na kan tsauni sama da mita 1,200, a Disamba da Janairu kuwa sanyin asuba ba ya raga wa tsohon batir. Kafin wadda nake riƙewa yanzu, na taɓa sayen wata ƙaramar waya ta gwanjo a hannun wani da ya rantse min batirinta na asali ne. Wata asubar farkon 2023, lokacin da takardun naira suka yi wuya kowa ya koma tiransifa, ina tasha zan biya kuɗin mota. Caji na nuna kashi talatin da wani abu. Na sa lambar akawun ɗin direba, na danna, fuska ta yi baƙi. Na tura ta cikin hammata ta ɗumama, ta kunnu, ta sake mutuwa. Wani dattijo da ban sani ba shi ya biya min, ya ce, "Ɗana, in ka isa ka turo." Da na kai ta wurin mai gyara ya buɗe, sai ga batirin canji mara suna, har ya fara kumbura. Ana cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma ban da batir.

Ko ita 13 mini ɗin tawa, da batirinta mai lafiya, in rana ta yi zafi da kira da data, zuwa la'asar sai na ƙara mata. Ni ina da inda zan sa a wurin aiki, ina da sola a gida. Wanda ba shi da su, fawa bank zai ɗauka, fawa bank mai mAh 10,000 kuma ya fi wayar kanta nauyi. Ka ga an gudu ba a tsira ba: ka guje wa babbar waya, ka koma ɗaukar kaya biyu da igiya a tsakani.

Bashi na biyu na tsufa ba a ganinsa a shago, sai an kai gida da wata shida. Kowace waya akwai inda sabunta tsarinta ke tsayawa, daga nan manhajoji su fara barinta ɗaya bayan ɗaya. A 2025 WhatsApp ya daina aiki a iPhone da tsarinta, wato iOS, bai kai 15.1 ba, wato 5s da 6 da 6 Plus sun fita. iPhone 6s da 7 da SE ta farko, ta 2016 mai inci 4, duk a iOS 15 suka tsaya, su ne ke bakin ƙofa yanzu. iPhone 8 da X sun tsaya a iOS 16, XR da XS a iOS 18. iOS 26 da ya fito a Satumban 2025 daga iPhone 11 da SE ta 2020 ya fara. Galaxy S10e ta tsaya a Android 12, Pixel 4a a Android 13. Manhajojin banki ma haka suke ɗaga mafi ƙarancin abin da suke karɓa, ranar da naka ya ƙi buɗewa kuma ba mai gyaran da zai iya yi maka komai.

Kuɗin ƙanwata a daidai iPhone 7 ko 8 yake, in an matsa SE ta 2020 mai gajiyayyen batir. Wato za ta sayi waya da saura kaɗan WhatsApp ya sallame ta, ita kuma shekara uku ta rage mata a makaranta. Sabuwar Tecno ko Infinix mai araha ba lalle ta samu sabuntawa da yawa ba, wata sau ɗaya, wata ma a yadda ta zo za ta ƙare. Sai dai da sabon Android take farawa, manhajoji kuma kan daɗe suna karɓar tsohon Android: WhatsApp ya shiga 2025 yana aiki a Android 5.0 na 2014. Saboda haka ta fuskar daɗewa, sabuwar mai araha ta fi iPhone 7 gaba, ko da ba ta kai ta suna ba.

Kada a ɗauka girman fuska yana nufin inganci. A nan tsofaffin ƙanana na sama suna da abin faɗa. Fuskar Spark 20 ɗigo 720 ne a faɗi, an baza su a inci 6.6, ta 13 mini kuwa 1,080 ne a inci 5.4, kuma irin fuskar da ake kira OLED ce, rubutu ya fi fita tas, cikin rana ma an fi gani. Injin A15 da ke cikin 13 mini da SE ta 2022 har yau ya fi na wayoyi masu araha sauri nesa ba kusa ba. Bidiyon da suke ɗauka ba ya rawa, murya na fita. Wadda ke sayar da atamfa ko turaren wuta a Instagram, da hoto take cin abinci, wannan ba ƙaramin abu ba ne gare ta. Kada lambar megafiksel 50 da aka rubuta a kwali ta ruɗe ka, ka ɗauki hoto a cikin shagon inda haske bai isa ba ka gani da idonka. Tsofaffin ƙananan nan kuma suna da kariyar ruwa, abin so a garin da damina ke zuwa da ƙanƙara, amma duk wayar da aka taɓa buɗewa aka canja mata fuska ko batir, ka ɗauka wannan kariyar ta tafi.

Sai ido. Hajiyarmu na karanta Alƙur'ani a waya bayan asuba. Da na ba ta tawa ta gwada, ta nisanta ta, ta matso da ita, ta ce, "Kai, wasullan sun cakuɗe, karɓi abarka." A babbar wayarta shafi guda ke fitowa, ta ƙara girman rubutu kuma layi bai kakkarye ba. A azumi a kai take kallon tafsiri. Kawunmu da ke harkar dankalin Turawa a Farin Gada, ana kawo masa daga Bokkos da Mangu, yini yake yana danna lambobin akawun guda goma-goma da manyan yatsu da suka sha buhu. Ƙananan maɓallai haɗari ne gare shi, kuskuren lamba ɗaya kuɗin mutane ne. Ɗalibi ma haka: takardar lakca da aka ɗauka a hoto, da tebur da zane a ciki, a fuska mai inci 4.7 sai ja da matsawa har kai ya yi ciwo. Wanda yake da kwamfuta ba ruwansa da wannan. Wanda wayarsa ita ce kwamfutarsa, fili yake bukata.

Akwai ƙananan abubuwa da sababbin masu araha suka riƙe, waɗanda iPhone ba ta da su. Layi biyu na zahiri, ga mai MTN da Airtel ko Glo saboda sabis na unguwa-unguwa. SE ta 2020 da mini layi ɗaya suke ɗauka, na biyun sai eSIM, wato layin da ba shi da kati, wanda sai kamfanin layi ya haɗa maka. Ramin iyafis, wanda Apple ya cire tun iPhone 7 a 2016. Wurin memori. Rediyon FM da ba ya cin data, tun da kuɗin data ya tashi a farkon 2025 kuwa wannan ya ƙara daraja. Cajar USB-C da za ka ara a kowane gida, alhali iPhone sai daga 15 ta koma irinta. Gyara ma ya fi sauƙi: fuskar Tecno da Infinix da itel tana nan birjik wajen masu gyara a Ahmadu Bello Way, kamfanin Transsion mai su kuma yana da Carlcare na gyara. Fuskar mini mai kyau, ko ta Zenfone, sau da yawa sai an aiko daga Banex a Abuja ko daga Ikeja.

Masu naɗewa irin Galaxy Z Flip suna shiga aljihu, amma in ka buɗe inci 6.7 ce ko sama da haka, kuɗinta da na gyaranta ba na ɗalibi ba ne, ƙurar hunturu kuma ba ƙawar maɗaurinta ba ce.

To wa ya kamata ya sayi ƙarama? Wanda aikinsa da waya kira ne da saƙo da tiransifa da hoto jefi-jefi, yana da inda zai yi caji da rana, kuma kuɗinsa ya kai 13 mini ko SE ta 2022. A ganina nan ne iyaka, ƙasa da haka tsufan ya rinjayi ƙanƙantar. 12 mini na da kyau a hannu, amma batirinta ya yi kaɗan tun tana sabuwa, balle yanzu. In kuɗin ya fi haka, akwai tsaka-tsaki da mutane ke tsallakewa: Galaxy S23 mai inci 6.1 da batir 3,900, S24 mai inci 6.2 da batir 4,000, dukansu faɗinsu bai kai milimita 71 ba, nauyinsu bai kai giram 170 ba. S24 ɗin ma Samsung ya yi alƙawarin sabunta ta shekara 7, kamar yadda Google ya yi wa Pixel 8. iPhone 13 da 14 da 15 na gama-gari duk inci 6.1 ne. Ranar da tawa ta ƙare, can zan koma, ba don raina ya so ba.

Wanda ya yanke sai ta gwanjo, kada ya yi gaggawa a shago. Ya sa mai shago ya fitar da iCloud, wato asusun Apple na tsohon mai ita, ya goge wayar, a kunna ta daga farko a gabansa. Ya shiga saitin ya duba lafiyar batir, in ƙasa da kashi 85 ne ya sa kuɗin sabon batir a cikin ciniki. Kashi 100 a wayar da ta shekara huɗu ma abin tambaya ne, ko an canja batir ne ko an yi wa lambar dabara. A sashen bayanin waya, daga iOS 15.2 zuwa sama, tana nuna kayan da aka canja mata. Ya gwada Face ID ko yatsa, ya sa layinsa ya yi kira, ya kunna data, ya ɗauki bidiyo da murya. Ya danna *#06# ya ga IMEI, wato lambar shaidar wayar, a rubuta ta a rasit mai sunan shago, domin wayar sata ba ta da alama a goshi, wanda aka kama da ita kuma shi ke kwana a ofishin 'yan sanda. Mai son iPhone 14 zuwa sama ya duba gefenta, waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka ba su da wurin sa layi ko kaɗan.

Bayan azahar muka shiga Taminus. Shago uku muka taya, domin farashi na bin dala, na safe ba lalle ya zama na yamma ba. A na biyu wani yaro ya fito mata da iPhone 7 fes, ba ƙwarzane, ya ce, "Hajiya, wannan ba ta ga wahala ba." Ta juya ta a hannu, na ga idonta ya tsaya a kai. Na ce ta buɗe lafiyar batir. Kashi 78. Ta ajiye da kanta.

A na uku ta sa aka fito da sababbi guda huɗu, na ce ta riƙe kowace da hannu ɗaya ta rubuta sunanta da babban yatsa, sannan ta buɗe takardar lakca ta karanta shafi guda. Ta zaɓi wadda ta fi siranta a cikinsu, inci 6.6, batir 5,000, ma'ajiya gig 128, layi biyu. Na ce ta bar roba mai kauri da ake bayarwa kyauta ta sayi siririya, domin robar ce ke ƙara wa waya faɗin da ke gajiyar da hannu. Da canjin da ya rage aka liƙa mata gilashin kariya.

Bayan mako biyu ta kira ni da dare.

"Yaya, tun jiya da safe ban sa ta a caji ba, har yanzu da saura. Amma fa ba ta zama a hijabi, in ina girki sai na sa ta a lasifika, 'yan ɗaki na jin duk abin da Mama ke faɗa."

Na ce ranar Asabar ta kawo min tsohuwar, mu kai a canja mata bakin caja, ta mayar da layin gida a ciki.